Harajin Tobin: Wa Ke Iya Gudu, Wa Ke Tsayawa Ya Biya?



A birnin Basel na ƙasar Suwizalan akwai wani banki da manyan bankunan ƙasashe suka kafa don hulɗa a tsakaninsu. Duk bayan shekara 3 yakan ƙidaya cinikin canjin kuɗi na duniya. A ƙidayar watan Afrilun 2022, ya gano cewa dala tiriliyan 7.5 ke sauya hannu a kowace rana. A rana ɗaya fa na ce. In aka tara cinikin kwana 5 kacal, ya zarce kuɗin duk hajar da ƙasashen duniya suka sayar wa juna a tsawon wannan shekarar. Ke nan mafi yawan kuɗin nan ba shinkafa ake saya da su ba, ba man fetur ba, ba magani ba. Kuɗi ne ke farautar kuɗi: a sayi yuro da hantsi, a sayar kafin azahar, a ci ɗan bambancin da ke tsakani.

To duk wanda ya ji wannan adadi, tunanin da zai fara zo masa guda ne. Me zai hana gwamnati ta riƙa yankar ɗan wani abu a kan kowane ciniki, ko da naira 1 ce a cikin kowace 1,000, a yi wa talaka aiki da shi? Wannan tambaya ce aka shafe sama da shekara 50 ana kai ruwa rana a kanta a Turai da Amurka, kuma ita ce sharhinmu na yau.

Tunanin ya girmi yawancinmu. Tun a 1936, bayan kasuwar hannun jarin Amurka ta rufta a 1929 ta jefa duniya cikin baƙin talauci, masanin tattalin arzikin nan na Ingila, John Maynard Keynes, ya ba da shawarar a ɗora haraji mai ɗan nauyi a kan saye da sayar da hannun jari, domin a ganinsa kasuwar ta fara kama da gidan caca. Amma wanda sunansa ya bi harajin shi ne James Tobin, malami a Jami'ar Yale. A watan Agustan 1971 shugaban Amurka Richard Nixon ya raba dala da zinari, tsarin da ya ɗaure darajar kuɗaɗen ƙasashe tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya watse, farashin canji ya shiga hawa da sauka. Shekara ɗaya bayan haka Tobin ya ce a sa ɗan ƙaramin haraji a kan duk canjin kuɗi. Manufarsa, kamar yadda ya bayyana daga baya, ita ce a watsa ɗan yashi a cikin injin da gudunsa ya yi yawa, don ƙasa ta samu sararin tsara kuɗin ruwanta ba tare da 'yan baranda sun kwashe jari sun tsere cikin dare ba.

Hikimar abin tana cikin lissafi, kuma lissafin ba wuya. Ɗauki mutum biyu, kowanne da dala miliyan 1. Na farko ya sayi hannun jarin kamfanin siminti ya ajiye shekara 10. In harajin kashi 0.1 ne cikin 100, zai biya dala 1,000 sau ɗaya, ya manta. Na biyu yana da kwamfuta mai saye da sayarwa kafin ƙiftawar ido, yana juya kuɗin nan sau 100 a rana. Shi kuwa dala 100,000 zai biya kullum, alhali ribar da yake nema a kowane juyi ba ta kai harajin ba. Dole ya rufe shago. Harajin bai tambayi kowa niyyarsa ba, amma ya tace mai haƙuri daga mai gaggawa.

Shekaru da dama maganar na kwance a littattafan jami'a. Guguwar da ta kayar da kuɗaɗen Tailan da Indonesiya da Koriya ta Kudu a 1997 ce ta tashe ta. A watan Disambar wannan shekara editan jaridar Le Monde diplomatique, Ignacio Ramonet, ya yi kira da a kafa ƙungiyar da za ta yi fafutukar harajin, kuma a 1998 aka kafa ATTAC a Faransa. Daga nan sai sunan Tobin ya hau kwalayen masu zanga-zanga. Abin dariya, shi dattijon bai ji daɗi ba. A hirar da ya yi da mujallar Der Spiegel ta Jamus a 2001, watanni kafin rasuwarsa, ya koka cewa ana amfani da sunansa a inda bai aika ba, don shi mai goyon bayan cinikayya tsakanin ƙasashe ne, kuma tara kuɗin shiga bai taɓa zama babban burinsa ba. Mu riƙe wannan saɓani, domin har yau shi ke cin magoya bayan harajin ta ciki. Wasu na son ya kashe cacar, wasu na son ya kawo kuɗi. In ya kashe cinikin, babu abin da za a tara. In ya tara kuɗi masu yawa, to cinikin na nan daram.

Duk lokacin da aka zauna wannan muhawara, ƙasashe biyu ake kira shaida: Suwidin da Birtaniya. Masu adawa su jawo ta farko, masu goyon baya su jawo ta biyu, kuma kowa gaskiya yake faɗa.

A 1984 Suwidin ta sa kashi 0.5 cikin 100 a kan sayen hannun jari, da wani kashi 0.5 a kan sayarwa. A 1986 ta ninka. Kuskuren da ta yi shi ne, harajin na kan cinikin da aka yi ta hannun dillalan cikin gida. Mai sauraro da ya san kara zai gane abin nan da nan: in sarkin kasuwa ya tsawwala kuɗin da ake karɓa a kan kowace saniya, alhali akwai wata kara a garin gaba da ba a karɓar ko sisi, ranar kasuwa mai zuwa fatake can za su kora shanunsu. Haka aka yi. Zuwa 1990, fiye da rabin cinikin hannun jarin kamfanonin Suwidin a Landan ake yin sa. Da gwamnati ta ƙara da takardun bashi a 1989, cinikinsu ya faɗi da kusan kashi 85 cikin 100 a makon farko. An yi hasashen wannan ɓangare zai kawo kurona miliyan 1,500 a shekara, abin da ya riƙa shigowa bai wuce miliyan 50 zuwa 80 ba. Kafin ƙarshen 1991 an soke harajin gaba ɗaya. Shekara 20 bayan haka, ministan kuɗin ƙasar Anders Borg yana ta yawo a tarukan Turai yana gargaɗin takwarorinsa da wannan labari, kamar wanda maciji ya taɓa sara.

Birtaniya kuwa, wadda ta fi kowa ɗaga murya wajen adawa da harajin a Turai, ita ce ke da mafi tsufansa. Harajin hatimi ya samo asali tun 1694, kuma tun 1986 ake karɓar kashi 0.5 cikin 100 a kan sayen hannun jarin kamfanonin ƙasar. Yana kawo wa baitulmali fam biliyan 3 zuwa 4 a shekara, ga shi Landan ba ta zama kufai ba. Me ya bambanta su? Birtaniya ta ɗaure harajin ne a jikin mallakar kanta. Ko a Tokiyo kake zaune, in ka sayi hannun jarin kamfanin da aka yi wa rajista a Birtaniya, sunanka ba zai shiga littafin masu kamfani ba sai an biya. Babu kasuwar garin gaba da za ka gudu. Sai dai a nan ma akwai ƙofar baya, kuma a buɗe take. An yafe wa manyan dillalai masu saye don sayarwa. Sannan ƙwararru sun ƙirƙiro wata yarjejeniya da mutum zai yi caca a kan tashi ko faɗuwar farashin hannun jari ba tare da ya mallake shi ba, don haka babu hatimi, babu haraji. Wa ya rage yana biya? Asusun 'yan fansho, da ɗan ƙasa mai ajiyar tsufa.

Sai ga 2008. Bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba, gwamnatoci suka kwashi kuɗin jama'a suka ceto bankuna, sannan suka juyo suka ce wa jama'a a ɗaure ciki. Ba a taɓa samun lokacin da harajin ya yi farin jini kamar wannan ba. A watan Agustan 2009 shugaban hukumar da ke sa ido kan harkar kuɗi a Birtaniya da kansa, Adair Turner, ya ce wani ɓangare na abin da bankunan Landan ke yi ba ya amfanar al'umma da komai, ya kuma ambaci harajin Tobin. A watan Nuwamba firayim minista Gordon Brown ya gabatar da maganar a taron ministocin kuɗin G20 a garin St Andrews. Ba a tashi taron ba sai da sakataren kuɗin Amurka Timothy Geithner ya ce ƙasarsa ba ta ciki. Asusun IMF, da aka ba aikin nazari, ya dawo a 2010 ya ce harajin mai yiwuwa ne a aikace, amma shi ya fi son a ɗora shi a kan ribar bankuna da albashin manyansu. A shekarar ce ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam suka raɗa masa sabon suna, harajin Robin Hood, wato gwarzon tatsuniyar Turawan Ingila mai ƙwace wa attajirai ya raba wa matalauta. Har Bill Gates ya kawo shi cikin hanyoyin samun kuɗin taimako a rahoton da ya kai wa taron G20 na birnin Cannes a 2011.

Inda aka fi kusa da cim ma wani abu shi ne Tarayyar Turai. Ranar 28 ga Satumban 2011 shugaban Hukumar Tarayyar, José Manuel Barroso, ya gabatar da daftari: kashi 0.1 cikin 100 a kan hannun jari da takardun bashi, kashi 0.01 a kan yarjejeniyoyin caca kan farashin gaba. An ƙiyasta zai kawo yuro biliyan 57 a shekara. Angela Merkel ta Jamus da Nicolas Sarkozy na Faransa suna bayansa, binciken jin ra'ayi ya nuna yawancin Turawa na so. Sai dai dokar Tarayyar ta ce maganar haraji sai kowace ƙasa ta amince, ko ɗaya ta noƙe zance ya mutu. Firayim ministan Birtaniya David Cameron ya ce tun da mafi yawan cinikin a Landan ake yi, to haraji ne aka auna Birtaniya da shi. Suwidin ta ce ta ɗanɗana, ta ƙoshi.

Da haɗa kan ƙasashe 27 ya gagara, sai 11 suka ce za su yi gaba su kaɗai, domin doka ta yarda in sun kai 9. Aka ba su izini a watan Janairun 2013, aka rage hasashen kuɗin zuwa yuro biliyan 30 zuwa 35. Birtaniya ta garzaya kotun Tarayyar, kotu ta kori ƙarar a watan Afrilun 2014 bisa cewa ta yi gaggawa, tun da ba a riga an yi dokar ba. Ashe ba ta ma buƙatar wahalar da kanta. Su 11 ɗin suka shiga jayayya a junansu. Faransa, mai manyan bankunan da suka ƙware a cinikin farashin gaba, ta so a sassauta wa wannan ɓangare. Masu fama da bashi irin su Italiya da Sifaniya suka ce kada a taɓa takardun bashin gwamnati. Beljiyam ta damu da asusun fanshonta. Ƙananan ƙasashe suka lissafa suka ga wahalar karɓar za ta fi abin da za su samu, Estoniya ta tattara nata ta fice. Kowa na son harajin, muddin ba a kan hajar da ke rumfarsa ba. Ministoci suka yi ta sa rana suna ɗagawa, shekara na bin shekara. A ƙarshen 2019 Olaf Scholz, yana ministan kuɗin Jamus a lokacin, ya fito da wani ramammen daftari na kashi 0.2 a kan hannun jarin manyan kamfanoni kawai. Ostiriya ta ce wannan ai ya bar 'yan cacar ya kama masu ajiya. Tun daga nan ba a sake jin wani motsi na kirki ba.

Abin da ya rage shi ne kowa tasa ta fisshe shi. Faransa ta fara nata a watan Agustan 2012, kashi 0.2 a kan sayen hannun jarin kamfanonin ƙasar da darajarsu ta haura yuro biliyan 1, ta kai shi 0.3 a 2017, sannan 0.4 a 2025. Italiya ta bi sahu a 2013, Sifaniya a 2021. Dukkansu salon Birtaniya suka kwaikwaya, suka guje wa na Suwidin. Kuma ba Turai kaɗai ba: Indiya na karɓa tun 2004, Afirka ta Kudu na karɓar kashi 0.25, Hong Kong ta ƙara nata a 2021, da kasuwa ta yi sanyi ta mayar da shi yadda yake a 2023. Kafin ƙarin 2025, na Faransa na kawo yuro biliyan 1 zuwa 2 a shekara. Kuɗi ne, ba a raina su. Amma ina biliyan 2, ina biliyan 57?

Amurka fa? Mutane da yawa ba su san cewa ta karɓi irin wannan haraji daga 1914 har tsakiyar shekarun 1960 ba. Jihar New York ma tana da nata tun 1905, kuma har yanzu yana cikin littafin doka. Sai dai tun 1981 ake lissafa shi a mayar wa dillalai kuɗinsu cif, ba ragi. Haraji a takarda, kyauta a aikace. A majalisar tarayya an sha kawo ƙudurori. Tom Harkin da Peter DeFazio sun nemi kashi 0.03 a 2011. Bernie Sanders ya nemi kashi 0.5 a kan hannun jari don a biya wa ɗalibai kuɗin jami'a. Ofishin kasafin majalisa ya wallafa ƙiyasi a 2018 cewa kashi 0.1 zai iya kawo dala biliyan 777 a shekara 10. Har Michael Bloomberg, wanda ya tara dukiyarsa da sayar wa 'yan kasuwar hannun jari na'urorin bayanai, ya goyi bayan harajin lokacin da yake neman takara a 2020. Babu ƙuduri ko ɗaya da ya tsallake.

Wanda yake son ganin dalili ƙuru-ƙuru, ya dubi abin da ya faru a jihar New Jersey a 2020. Ɗakin da muke gani a talabijin, inda mutane ke ihu suna ɗaga hannu a titin Wall Street, yanzu kusan ado ne. Ainihin cinikin yana gudana ne a wani ƙaton gini da ke garin Mahwah na New Jersey, cike da kwamfutoci a jere cikin sanyin na'ura, inda kamfanoni ke biyan haya mai tsada don a ajiye tasu kusa da ta kasuwa, saboda tsawon waya ma na iya sa wani ya riga wani. Da annobar korona ta huda kasafin jihar, 'yan majalisarta suka ce a sa kwatan santi ɗaya a kan kowane ciniki da ya bi ta waɗannan na'urori. Kasuwar hannun jarin ba ta tsaya dogon musu ba. Ta sanar cewa za ta gwada gudanar da wani sashe na cinikinta daga na'urorinta na ko-ta-kwana da ke Chicago, don kowa ya ga tashi ba wuya. Gwamnan Texas ya ce su zo, ƙofa a buɗe take. Ƙudurin ya mutu a kwance.

Akwai kuma hujjar da masu adawa suka fi cin nasara da ita a wurin masu zaɓe: cewa harajin zai ci ajiyar fanshon malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma alƙaluman babban bankin Amurka sun nuna kashi 10 cikin 100 na mafiya arziki ne ke riƙe da kusan kashi 90 na hannun jarin ƙasar. Attajirin ba ya fitowa talla ya ce a tausaya masa. Malamin makarantar ake turowa gaba.

In an tambaye ni, zan ce magoya bayan harajin sun yi masa kirarin da ya fi ƙarfinsa. Rikicin 2008 daga bashin gidaje ya taso, da bankunan da suka ci bashin da ya ninka jarinsu sau 30, kuma babu harajin ciniki da zai hana wannan. Gidaje ma ai ana biyan haraji mai nauyi wajen sayensu a ƙasashe da yawa, bai hana farashinsu kumbura ya fashe ba. Nazarin da aka yi a kan na Faransa ya nuna ciniki ya ragu, amma ba a ga farashi ya daina tangal-tangal ba. Su ma masu adawa sun zuzuta barazanar. Paris na nan, Milan na nan, Mumbai na nan. Haraji ne matsakaici, mai sauƙin karɓa tun da kwamfuta ke cirewa, kuma in an ɗaure shi da kyau nauyinsa na sauka ne a kan masu hali. Wannan kaɗai ya isa dalilin a yi shi. Abin da ya hana shi tafiya siyasa ce: waɗanda za su amfana miliyoyi ne, kowa da ɗan kaɗan, ba su ma san ana yi ba. Waɗanda za su yi asara 'yan tsiraru ne, asararsu babba, suna da lauyoyi, suna da lambar wayar minista, kuma suna iya kwashe kayansu.

Yanzu bari mu juyo gida, don akwai wani harajin hada-hadar kuɗi da bai sha wannan wahalar ba. Amma mu fara bi ta Latin Amurka. Kolombiya ta sa 2 cikin 1,000 a kan cire kuɗi daga banki a 1998, wai na wucin gadi ne don ceto bankuna. Yau 4 ne cikin 1,000, kuma wucin gadin bai ƙare ba. Barazil ta karɓi nata daga 1997, da sunan kiwon lafiya, har ya kai kashi 0.38, sai da Majalisar Dattawa ta ƙi sabunta shi a watan Disambar 2007, duk da farin jinin Shugaba Lula a lokacin. Da wayar hannu ta zama banki a Afirka, ministocin kuɗi suka ga ɓagas. Yuganda ta sa kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin waya a watan Yulin 2018, ihu ya sa ta rage zuwa rabin haka a kan cirewa kawai. Zimbabuwe ta sa kashi 2 a watan Oktoban wannan shekara. Tanzaniya ta bi a 2021, Kamaru ta sa kashi 0.2 a farkon 2022.

'Yan'uwanmu na zangon Nima a Akara da na Kumasi ba sa buƙatar a ba su labarin E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya na ƙasar Gana. Ministan kuɗi Ken Ofori-Atta ya nemi kashi 1.75 a kasafin da ya gabatar a watan Nuwamban 2021. A watan Disamba muhawarar ta kai 'yan majalisa ga ba hamata iska a gaban kujerar kakaki, duniya na kallo. Duk da haka dokar ta wuce, aka fara cire kashi 1.5 a watan Mayun 2022. Mutane suka koma riƙe tsabar kuɗi, ko su bi ta hannun wakilai su kauce, abin da ya shigo bai kama ƙafar abin da aka yi hasashe ba. Aka rage zuwa kashi 1 a 2023. A zaɓen 2024 manyan 'yan takara biyu, John Mahama da Mahamudu Bawumia, kowannensu ya yi alkawarin soke shi, duk da cewa gwamnatin da Bawumia ke mataimakin shugaba a cikinta ce ta kawo shi. Mahama, da ya ci zaɓen, ya sa hannu a kan sokewar a watan Afrilun 2025. Talaka ba shi da Chicago da zai gudu, amma yana da ƙuri'a, sai dai kafin ranar zaɓe ta zo an sha kusan shekara 3 ana yankarsa.

A Najeriya kuwa naira 50 ce. Ta fara a 2016 da sunan kuɗin hatimi, dokar kuɗi ta 2020 ta mayar da ita harajin tura kuɗi ta na'ura a kan naira 10,000 zuwa sama, kuma daga Disambar 2024 ta shafi masu asusu a kamfanoni irin su OPay da Moniepoint. Je ka tsaya kusa da lemar mai POS a bakin tasha da yamma. Ga lebura ya tashi aiki, ƙurar siminti har gira, ya zaro naira 10,000 daga aljihu zai aika wa mahaifiyarsa a ƙauye. Mai POS ya ce akwai caji, ya ƙara lalube ya cika. A kan wannan 10,000, naira 50 ta gwamnati kashi 0.5 ce cikin 100. Wato ninki 5 na abin da bankunan Turai suka shafe shekaru suna yaƙi don kada a ɗora musu a kan hannun jari. Ɗan kwangilar da ya tura naira miliyan 10 shi ma 50 ɗin ce. Da Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarnin cire ƙarin kashi 0.5 da sunan tsaron intanet a watan Mayun 2024, ƙasa ta ɗauki zafi, Shugaba Tinubu ya dakatar.

Ba na cewa gwamnatocinmu ba su da uzuri. Abin da Najeriya ke tarawa na haraji, in aka gwada da girman tattalin arzikinta, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya, kuma yawancin kasuwanci ba ya cikin rajistar kowa. Wayar hannu ce kaɗai wurin da gwamnati ke ganin kuɗin ɗan tireda da mai shayi. Amma gwamnatin da ke roƙon jama'a su daina yawo da tsabar kuɗi, ita ce kuma ke cin tararsu in sun daina. Tobin ya so ya rage gudun kuɗin da ya yi yawa. Kuɗin lebura ba gudu yake ba, da ƙyar ma yake rarrafe.

To ina aka dosa? Maganar harajin duniya baki ɗaya ba ta mutu ba, ta dai sauya riga. A taron sauyin yanayi na Afirka da aka yi a Nairobi a watan Satumban 2023, shugabanni sun ambace shi cikin hanyoyin samo kuɗin tunkarar fari da ambaliya, kuma a taron Dubai na ƙarshen shekarar Kenya da Faransa da Barbados suka kafa kwamitin nazarin irin waɗannan haraji. Ina yi musu fatan alheri, amma ban ga alamar za a ga sisi nan kusa ba. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai tun 2020, abin da ya sa Paris da Frankfurt da Amsterdam ke rige-rigen jawo cinikin Landan, kuma mai zawarcin baƙi ba ya tarbarsu da takardar haraji. Abin da za a ci gaba da gani shi ne ƙasa ɗaya-ɗaya, in giɓin kasafi ya matse ta, ta ƙara ɗan ɗigo a kan hannun jari kamar yadda Faransa ta yi, ta bar canjin kuɗi da cacar farashin gaba ba ta taɓa ba, alhali nan ne tiriliyoyin suke.

Waɗannan kuwa ba za su kamu ba sai New York da Landan sun yarda a rana guda. Ko yarjejeniyar da ƙasashe sama da 130 suka cim ma a watan Oktoban 2021, ta cewa manyan kamfanoni su biya aƙalla kashi 15 cikin 100 na ribarsu, wadda ta fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, a ranar da Donald Trump ya koma mulki a watan Janairun 2025 ya sa hannu a takardar cewa ba ta da wani ƙarfi a Amurka.